Kwana Huɗu na Gandu, Biyu na Gayauna

Malam Ɗantala na Ruwan Gizo ba ya gajiya da labarin gandun gidansa, kuma duk wanda ya zauna kusa da shi a gindin darbejiyar ƙofar gida ya san sai ya sha labarin nan, ko yana so ko ba ya so. Gandu dai shi ne babbar gonar gida, wadda uba da 'ya'yansa ke nomawa tare, su zuba a rumbu ɗaya, a ci daga tukunya ɗaya. A unguwarsu gidaje sun fi ashirin, amma duk sun rarrabu, kowa ya ja 'yan kunyoyinsa ya koma gefe. Nasa kaɗai ya rage a haɗe: 'ya'ya maza huɗu da matansu da jikoki, baki ashirin da bakwai. In zai faɗi adadin nan sai ya gyara zama tukuna.

In ka yi gangancin tambayarsa sirrin abin, to ka taro wa kanka. Zai ɗaga yatsu ya ce, "Kwana huɗu na gandu, biyu na gayauna, Juma'a ta Allah." Asabar, Lahadi, Litinin da Laraba kowa ya fito gandu da sassafe, da an kira azahar a saɓa hauya. Talata da Alhamis kuwa kowa ya nufi gayaunarsa, wato 'yar gonar da aka yanka masa shi kaɗai, wadda babu mai tambayarsa abin da ya samu a cikinta. Ya ga dama ya yi wa matarsa zane, ya ga dama ya sayi tunkiya, ya ga dama ya bar gonar ranar Talata ya tafi kasuwar Mafara ya ci tsire ya dawo yana sakace. Haka Ɗantala ya tarar wurin ubansa, haka ya riƙe shekara talatin da ɗoriya, kuma rumbunsa bai taɓa kunyata shi ba.

Bara ne gwiwa ta kayar da shi. Da ya ga ba ta da niyyar sakinsa, sai ya tara 'ya'yansa a gaban liman, ya miƙa wa babbansu Labaran riƙon gandu. Ya ce daga yau Labaran ke buɗe rumbu, shi ke faɗin gonar da za a nufa da safe, shi kuma bakinsa ba zai ƙara shiga maganar gona ba har ya koma ga Allah. Da ƙarfi ya faɗe ta, har ya maimaita, don ya ji daɗin yadda ta fito. Bai san ita ce za ta dawo ta tsaya masa a wuya ba.

Labaran ya haura arba'in, ba shi da yawan magana, aiki kawai ya sani. Kuma ya karɓi gida a lokacin da bai yi daɗi ba. Gonarsu ta wajen Faru, wadda ta fi kowace ba da dawa, shekara biyu ke nan ba a taka ta ba tun da daji ya ɓaci da 'yan bindiga. Don ya cike wannan giɓin sai ya karɓi fili babba a wajen Bakura, bakin kanal ɗin da ke kawo ruwan Bakolori, ya dasa shinkafa. Ita kuwa shinkafa ba ta san Talata ba, ba ta san Alhamis ba. Da farko Labaran ya roƙi ƙannensa su ba shi aron Alhamis ɗaya. Aro ya zauna. Sai Talata ta bi. Azahar ta koma la'asar ba tare da kowa ya ji an yi shela ba. Kafin damina ta raba tsakiya, kwana shida ake yi a gandu, Malam Ɗantala yana zaune gindin darbejiya yana ƙirgawa da yatsu, yana haɗiye magana.

Ranar wata Juma'a, bayan an sauko daga masallaci, ɗansa na biyu, Ɗayyabu, ya zo ya cire takalmi ya tsugunna a gefen tabarma.

"Baba, an sauko lahiya?"

"Lahiya lau, Ɗayyabu."

"Ya ƙahwa?"

"Da sauƙi, mun gode Allah."

"Ya ruwa?"

"Ruwa sun yi gyara. Ya iyali?"

"Lahiya suke, Baba."

Gaisuwa ta ƙare, Ɗayyabu bai tashi ba. Ya tsinci wani kara yana zanen ƙasa. Tsoho ya san wannan zaman, shi ma ya taɓa yin irinsa a gaban nasa uban.

"Baba, magana gare ni. In kaka ta yi, ina so a hisshe ni gandu. A yanka mani nawa."

Ɗantala ko gira bai ɗaga ba. Abin da ya fi tsoro a duniya ke nan. Ya sani sarai in ɗaya ya fita, sauran biyun ba za su kai wata damina ba, gidansa ya koma kamar na kowa.

"Mi yah hwaru?"

"Gyaɗata ta mutu cikin haki, Baba. Matata Surayya cikin wata bakwai gare ta, ko ɗan rago ban aje ba. Kwana shidda muna gandu har la'asar. Kuma ba wannan ma ta hi yi mani zahi ba. Shi Yaya da an sallame asuba sai ya ɗau hauya ya hita shi ɗai. Mu sai rana ta hito muke taras da shi gandu, jiƙe sharkaf. Ina yaka zuwa in ba gayaunarshi ta hanyar Mafara ba? Shi ya nome tashi, mu tamu ta mutu."

"Ka gani da idonka?"

"Yaushe nig ga lokacin zuwa can, Baba?"

Tsoho ya ce, "Na ji. Ka bar ta nan tsakanina da kai, kar kowa ya ji. Kaka da saura."

Da ya shiga cikin gida ya labarta wa matarsa Larai, wadda suka yi shekara arba'in da biyar tare, kuma har yau ba ta taɓa barin maganarsa ta wuce ba ta ɗanɗana ta ba. Tana tsinkar zogale, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Kai kac ce bakinka ba ya ƙara shiga maganar gona."

"Na sani."

"Gaban liman."

"Na ce na sani, Larai."

"Har sau biyu."

Ya tattara sandarsa ya koma waje, don ya ga nan babu sauƙi.

Washegari da yamma, da Labaran ya dawo daga Bakura ƙafafu duk taɓo, ya zo gaishe shi kamar kullum. Tsoho ya yi ta kewaye-kewaye. Ya yi maganar ruwa, ya yi maganar tsadar taki, sannan ya lallaɓa ya ce ai a zamanin Baba, Allah ya jiƙansa, ranar Talata ko tsuntsu ba a kora a gandu.

Labaran ya sunkuyar da kai. "Baba, zamanin Kaka baki nawa aka ci da su? Kuma Faru tana hannunku. Ni abin da nika gudu, ranar da za a buɗe rumbu a ga ƙasa, ina riƙe da gidanga. Amma in ka ce in mai da kwanakin, gobe sai in mai da."

"A'a," in ji Ɗantala da sauri. "Ban ce ba."

Ai ba zai iya cewa ba. Da ya ce, shi ke nan, riƙon Labaran ya zama na wasa, ƙannensa za su riƙa tsallake shi suna kawo ƙara gindin darbejiya. Ya bi ɗan nasa da kallo yana shiga gida, haushinsa yake ji, kuma a lokaci guda yana jin daɗin yadda yaron ya amsa masa, babu rawar murya babu rashin kunya. Maganar asuba kuwa ya kasa yi masa. Yaya za ka dubi idon ɗanka ka tambaye shi ko yana cutar ƙannensa?

Don haka ranar Litinin, da gida ya watse, ya ɗauki sanda ya kama hanyar Mafara. Tafiyar da yake yi da a ɗan lokaci kaɗan, ranar sai da ya zauna hutu sau uku. Yana tafe yana addu'ar kar ya tarar da abin da aka gaya masa, domin a can cikin zuciyarsa ya ɗan yarda, ko da rabi ne.

Da ya isa sai ya ɗauka ɓatan kai ya yi. Ya duba marken da ke kan iyaka, ya duba tsohon surin da ke kusurwa. Nan ce. Gero ne aka shuka tun ruwan farko, amma ko noman fari ba a yi masa ba. Ciyawar harkiya ta kai gwiwa, ta shaƙe shukar, geron ya yi rawaya ya tsaya siri-siri. Babu sawun mutum, babu sawun hauya. Gyaɗar Ɗayyabu da ake kuka a kanta, in aka gwada ta da wannan, lambu ce.

Malam Ɗantala ya dogara sanda ya tsaya. Kunya ta fara kama shi, ta zargin da ya bari ya shiga ransa. Bayanta sai wani abu ya taso masa, ya rasa ko kuka ne ko dariya. Alfahari ne, kuma bai ɓoye wa kansa ba. Ya ce a fili, ba kowa sai ciyawa, "Kai, Labaran. Kai, ɗan nan."

Ya koma gida yana ɗingishi ya tarar da Larai, ya zazzage mata labari kamar wanda ya gano rijiya a daji.

"Sai yau kas sani?" in ji ta. "Gandu yaka zuwa da asuba, ya rage ma ƙannenai kunyoyi kahin su iso. Matarshi Taibatu kuwa salla biyu zane guda taka ɗaurawa, ba ta hwaɗa ma kowa ba."

"To mi ya hana ki hwaɗa mani?"

"Na ga baki ya aje aiki, na ɗauka kunne ma ya aje."

Ya wuce ɗakin shirgi ya yi ta bincike har ya zaro tsohuwar hauyarsa, wadda ƙotarta ta yi sulɓi saboda riƙo. Ya zauna ya wasa ta a kan dutse. Larai na kallonsa ta gefen ido, kuma karo na farko a tarihin aurensu ba ta ce komai ba.

Talata ta waye. Sai da ya bari 'ya'yan sun hau babura sun nufi Bakura, sannan ya rataya hauya ya fita. Da ya isa gayaunar Labaran, sai ya zaɓi kunyar da ta fi kusa da titi, inda ko makaho ya zo wucewa sai ya san da mutum. Sunkuyo dai gwiwa ta hana. Sai ya zauna dirshan a ƙasa, ya miƙe ƙafar mai ciwo, ya sassare ciyawar da hannunsa ya kai, ya ja jiki gaba, ya sake sarewa. Tsoho ɗan shekara saba'in da biyar, mai 'ya'ya maza huɗu, yana noma da jan gindi a bakin hanya ranar kasuwa!

Hanya kuwa ta cika. Masu babura da buhuna, masu jan awaki, matan Fulani da ƙoren nono, kowa ya zo sai ya rage tafiya. Shi kuma gaisuwa yake amsawa da murya sama, har da ɗaga hauya. Wani maƙwabcinsu mai suna Sufyanu, mai sayar da albasa, ya taka birki har buhunsa ya kusa zamewa.

"Subhanallahi! Baba Ɗantala, kai na? Ina ɗiyanka?"

"Suna aiki, Sufyanu. Ɗiyana ba su zama."

"Kawo hauyar in kama maka."

"Wuce kasuwarka, kar albasa ta yi kwantai."

Sufyanu ya wuce, amma bai yi nisa ba ya tsaya ya zaro waya. Ɗantala ya gan shi sarai, ya ci gaba da saran ciyawa yana murmushi cikin gemu.

Hantsi bai gama dubawa ba sai ga babura biyu a guje, 'ya'yan nan huɗu a kai, taɓon shinkafa har gwiwa. Labaran ne ya fara dirowa tun babur bai tsaya ba. Ya zube gaban ubansa, muryarsa na rawa, abin da ba a taɓa ji ba.

"Baba, mi munka yi maka? Duk mutanen kasuwa sun gane ka. Ina za mu sa kanmu garin ga?"

Tsoho ya share zufa da hannun riga. "Ni ban yi maganar gona ba, Labaran. Ka ji na ce wani abu? Yau Talata ta. Ni tun da aka haihe ni ban san abin da aka yi ran Talata ba in ba gayauna. Tawa na raba maku. Ina wucewa jiya nig ga wagga, na ce hala ba ta da mai ita."

Sai a lokacin Labaran ya ɗaga kai ya dubi gonarsa, kamar yau ya fara ganinta.

Ɗayyabu kuwa da ya sauka bai tsaya wurinsu ba. Ya shiga cikin gonar a hankali, ciyawa na kama masa wando, ya tafi har gindin marke ya dawo. Ya tsugunna ya kama wani gero da ya ƙanƙance, ya sake shi. Da ya juyo idanunsa sun kaɗa.

"Yaya, tun shuka ba ka zo nan ba?"

"Ban samu zarahi ba."

"To da asuba ina kaka zuwa?"

Labaran ya dube shi da mamaki. "Gandu mana. Ina zan ni?"

Ɗayyabu ya matso, ya sa hannu biyu ya karɓi hauyar daga hannun ubansa, ya sunkuya daidai inda tsoho ya tsaya, ya fara noma. Irin saran da yake yi, ka san ba da ciyawa kaɗai yake faɗa ba. Ƙannen biyu suka dubi juna, suka kwance nasu hauyoyin daga bayan babur suka bi shi.

Labaran ya rage a tsaye shi kaɗai. Ya juya ya dubi wajen Bakura, inda suka baro shinkafa tana jiran hannu. Ɗantala na kallonsa daga ƙasa, ya danne harshensa da haƙori. A kan wannan komai ya rataya. In yaron ya ce a koma Bakura, babu abin da zai iya yi, kuma kaka na zuwa.

Sannan Labaran ya yi gyaran murya, irin wadda ubansa ke yi.

"Ku saurara." Hauyoyi suka tsaya. "Daga yau Talata da Alhamis kowa gayaunarshi. Gandu kwana huɗu, azahar a tashi. Jibi Alhamis ni zan kama ma Ɗayyabu gyaɗarshi, don ni nis sa ta lalace."

"Shinkahwa fa, Yaya?" in ji ƙaraminsu.

"Abin da kwana huɗu ka iya ɗauka shi za mu riƙe. Sauran in ba wani ya noma. In rumbu ya rage, mu rage tuwo tare."

Ya faɗi wannan ta ƙarshe da ƙyar, domin rabin filin nan da guminsa ya share shi. Bai dubi ubansa don neman izini ba, kuma wannan rashin dubawar ce ta fi komai yi wa tsoho daɗi. Daɗi ya cika shi har ya manta da gwiwa, ya yunƙura zai miƙe, gwiwa ta tuna masa tana nan. Ya koma daɓas.

Labaran ya tafi juyo da babur don a kai shi gida. Ɗayyabu ya yi amfani da wannan damar ya matso kusa, ya durƙusa, ya rage murya.

"Baba, maganar da niy yi maka ran Juma'a..."

"Wace magana?"

"Ta hita gandu."

Malam Ɗantala ya kama kunnensa ya girgiza. "Uwarka ta ce kunnen ga ya aje aiki. Ni gaisuwa kawai nij ji. Koma bakin aikinka."

Ɗayyabu ya sunkuyar da kai, ya goge ido da bayan hannu, ya koma.

Hawa babur ya gagara, ƙafar ta ƙi lanƙwasuwa. Labaran bai yi shawara da kowa ba, ya tsugunna ya juya wa ubansa baya. Tsoho ya yi 'yar gardama don kar a ce bai yi ba, sannan ya hau. Da ya kwantar da ƙirjinsa sai ya ji ƙasusuwan bayan ɗansa ɗaya bayan ɗaya ta cikin riga, ya gane yadda daminar nan ta cinye shi. Tausayi ya kama shi, ya ƙara ƙanƙame wuyansa.

"Labaran."

"Na'am, Baba."

"In geron ga ya yi, ka yi ma Taibatu zane."

Labaran ya gyara goyo. "Baba, wagga ba maganar gona ba ta?"

"Maganar zane ta."

Suka kama hanyar gida, su kaɗai ke komawa, kowa na nufar kasuwa. Wani dattijo a kan jaki ya ja linzami da ya ga an goyo Malam Ɗantala, duk jikinsa ƙasa.

"Malam, lahiya dai?"

Ɗantala ya ɗaga kai daga kafaɗar ɗansa, ya nuna bayansa da haɓa, inda hauyoyi uku ke tashi suna sauka a jere cikin gayaunar Labaran.

"Lahiya lau," ya ce, da muryar da har na gaba suka waiwayo. "Gona munka hito, ni da ɗiyana. Su huɗu na, rumbu guda."